Fim Ɗin Da Ba Shi Da Bayan Kyamara

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage shi a hankali)



Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan fim suna aiki a unguwa ya san abin da ake nuna mana a talabijin ɗan kaɗan ne daga abin da ke wurin. Jarumi da jaruma suna gaban kyamara suna ta kukan rabuwa, a bayanta kuwa ga darakta yana ɗaga hannu, ga mai riƙe da sandar makirufo, ga mai fitila, ga janareta yana ruri, ga yaran unguwa ana ta kora suna dawowa. Mai kallo a gida bai ga ko ɗaya ba, domin kyamara tana da gaba tana da baya, kuma darakta ne ke zaɓar abin da zai shiga gaban. Yau za mu yi magana a kan wani irin fim da kyamararsa ba ta da baya. Tana ganin gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa, duk a lokaci ɗaya. Wannan shi ne fim ɗin kewaye, wanda ake kallo da fasahar duniyar kwaikwayo da aka fi sani da VR.

Ba a bango ake haska shi ba. Wani tabarau ne mai kauri ake ɗaura wa mutum a fuska, ya rufe masa ido ruf, a cikinsa akwai ƙaramin allo da gilasai biyu, ɗaya na kowane ido. Akwai kuma na'urar da ke lura da motsin kai. Ka waiga hagu, hoton ya nuna maka abin da ke hagu. Ka ɗaga kai, ka ga rufin ɗaki ko sararin samaniya. Ba a jima ba sai ƙwaƙwalwa ta fara yarda cewa kana wurin.

Yaya ake ɗaukarsa? Ku ɗauki ƙwarya biyu ku kifa ɗaya a kan ɗaya, ku ƙaddara an zana hoto a cikinsu, kai kuma kana zaune a tsakiya. Ƙaramar kyamarar kewaye, irin ta Insta360 ko Ricoh Theta ko GoPro Max, ido biyu gare ta, kowane ido yana ɗaukar ƙwarya ɗaya. Manyan na kamfanoni suna da ido shida, takwas, har fiye. Bayan an ɗauka sai kwamfuta ta haɗa hotunan, aikin da masu sana'ar ke kira ɗinki. A bakin ɗinkin nan ake jin jiki. Kowane ido daga gurbinsa yake hango abu, saboda haka idan mutum ya matso kusa ya tsaya daidai mahaɗar, sai ka ga rabin fuskarsa ya ɓace, ko hannunsa ya rabu biyu. Shi ya sa tun kafin a kunna kyamara ake auna inda ɗinkin zai faɗo, a gaya wa 'yan wasa kada su tsaya nan, kada kuma su matso ƙasa da mita guda.

A nan sai mu bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai wanda aka ɗauka da kyamara: kana iya waiwaye, amma ba ka iya takawa, inda aka kafa kyamarar nan ne mazauninka har fim ya ƙare. Akwai kuma wanda aka gina da kwamfuta, da irin manhajojin da ake yin wasannin bidiyo, wanda za ka iya tashi ka zagaya, ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin tebur. Na biyun ya fi tsada, ya fi cin lokaci. Yawancin maganarmu ta yau a kan na farkon take, domin shi ne ɗan fim mai ƙaramin ƙarfi zai iya taɓawa.

Tunanin ya daɗe. Tun 1968 wani masanin kwamfuta a Amurka, Ivan Sutherland, ya haɗa tabarau irin wannan, wanda sai da aka rataye shi da ƙarfe daga rufin ɗaki. Amma abin bai shigo harkar fim sosai ba sai 2012, lokacin da wata 'yar jarida, Nonny de la Peña, ta kai wani aiki mai suna Hunger in Los Angeles bikin fina-finai na Sundance. Labarin layin karɓar abincin agaji ne, inda wani mai ciwon suga ya yanke jiki ya faɗi. Matashin da ya harhaɗa tabaran da aka nuna aikin da shi, Palmer Luckey, shi ne ya kafa kamfanin Oculus, wanda Facebook ya saye a 2014 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2. Daga nan kuɗi suka kwararo. A shekarar dai Google ya fito da tabaran kwali da ake zura waya a ciki, a 2015 YouTube ya fara karɓar bidiyon kewaye, kuma a watan Nuwamban shekarar jaridar New York Times ta raba wa masu sayenta tabaran kwali sama da miliyan 1 don su kalli The Displaced, labarin yara uku da yaƙi ya raba da gidajensu.

(Gajeren kiɗa)

To, mu shiga lokeshan. Matsala ta farko mai ban dariya ce: ina ma'aikata za su tsaya? Babu. Da zarar an danna maɓalli kowa sai ya ruga ya ɓuya, wani bayan bishiya, wani cikin mota, darakta yana leƙen abin da ke gudana ta waya daga wani ɗaki. Fitilun fim ma babu inda za a kafa su ba a gan su ba, don haka ake dogara da hasken rana, ko a saka fitilar da ta dace da wurin, kamar ƙwan lantarkin ɗaki ko aci-balbal. Ƙafar da kyamarar ke tsaye a kai kuwa, sai an zo wajen tace fim a goge ta, in ba haka ba mai kallo zai duba ƙasa ya ga sanda uku a inda ya kamata ƙafafunsa su kasance.

Matsala ta biyu ita ce babba, kuma ita ce ta sa nake ganin wannan sana'a daban ce da fim ɗin da muka sani, ko da sunansu ɗaya. Shekara sama da 100 daraktoci suna da iko ɗaya da ba mai ja da su a kai: su ne ke cewa ga inda za ka duba. In suna so ka ga hawaye, sai su matso da kyamara har ido ya cika allo. In suna so ka tsorata, sai su ɓoye maka abin da ke bayan ƙofa. A fim ɗin kewaye wannan iko ya kuɓuce. Jaruma tana can tana faɗin maganar da labarin gaba ɗaya ya rataya a kanta, mai kallo kuwa ya juya baya yana kallon akuya tana cin dusa. Ba ka da yadda za ka yi da shi. Ba ka iya kama kansa ka juyo da shi, in kuwa ka gwada juya hoton da ƙarfi, jiri za ka sa shi.

Sai lallashi. Kuma babban makamin lallashin, ku da ke sauraron rediyo kun fi kowa saninsa: sauti. Ɗan Adam yana jin an yi sallama a bayansa zai waiga, ba sai an ce masa ya waiga ba. Don haka ake naɗar sauti da makirufo mai baki huɗu da ke kama kowace kusurwa, ta yadda in ƙofa ta yi ƙara a damanka, a kunnen dama za ka ji ta, in ka juya ka fuskance ta sai ƙarar ta dawo gabanka. Bayan sauti sai motsi, domin ido yana bin abin da ke tafiya. Sai kuma kallon mutane: in mutum biyar a ɗaki suka zuba ido wuri ɗaya, kai ma can za ka duba. Daraktan da ya iya aikinsa zai kai ka inda yake so, kai kuma kana tsammanin da kanka ka je.

Akwai tambayar da fim ɗin allo bai cika damuwa da ita ba, amma a nan dole a amsa ta: shi mai kallon, wane ne a cikin labarin? In 'yan wasa suna ta harkarsu ba wanda ya dube shi, sai ya ji kamar fatalwa, yana wurin amma ba a san da shi ba. Ma'aikatan Oculus Story Studio, sashen fim na Oculus, sun lura da haka, shi ya sa a fim ɗinsu na zane mai suna Henry, labarin wata bushiya mai neman aboki, suka sa bushiyar tana ɗago ido tana duban mai kallo. Fim ɗin ya ci lambar Emmy a 2016. Tsayin kyamara ma magana ce. A wurinmu, ka ɗauki dattawa zaune a kan tabarma a zaure. In ka kafa kyamara da tsayin mutum a tsaye, duk wanda ya sa tabarau zai ji ya yi musu tsaye a ka, kuma ɗan da ya samu tarbiyya zai ji nauyin hakan a jikinsa ko bai san dalili ba. Sauke ta zuwa tsayin wanda ya durƙusa, sai zaman ya zama zama.

Batun jiri kuwa ba wasa ba ne. A can cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi. In ido ya ce ana gudu, kunne ya ce a zaune muke, sai rigima ta tashi, sakamakonta hajijiya da tashin zuciya. Shi ya sa a yawancin waɗannan fina-finai kyamara a kafe take. In za ta motsa, to a miƙe, a hankali, ba tare da tangaɗi ba. Yankan hoto ma ba a yawaita shi. Jessica Brillhart, wadda ta yi wa Google aikin fim ɗin kewaye, ta yi bayanin wata dabara da masu tacewa suka runguma: ka yi hasashen inda idon mai kallo yake a ƙarshen wannan fitowa, sai ka juya fitowa ta gaba yadda abin da ya fi muhimmanci zai faɗo daidai wurin. Ga nauyin tabarau a fuska, ga zufa. Duk waɗannan ne suka sa fim ɗin kewaye yake gajere, yawanci minti 5 zuwa 20.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kada wani ya ɗauka wannan duk labarin Turai da Amurka ne. A 2017 wata ƙungiya a birnin Cape Town mai suna Electric South, tare da cibiyar Goethe ta Jamus, ta fitar da jerin fina-finan kewaye na 'yan Afirka. A ciki akwai The Other Dakar na Selly Raby Kane daga Sanagal, da Nairobi Berries na Ng'endo Mukii daga Kenya, da Spirit Robot na Jonathan Dotse, wanda ya ɗauka a bikin Chale Wote na birnin Akara. A Legas kuma akwai cibiyar Imisi 3D da Judith Okonkwo ta kafa, inda matasa ke koyon fasahar.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Joel Kachi Benson. A 2018 ya yi In Bakassi, wanda ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri, yana bin wani yaro maraya. A shekarar da ta biyo ya yi Daughters of Chibok, fim na kimanin minti 11 a kan halin da iyaye suka shiga bayan sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a watan Afrilun 2014. Bai nuna bindiga ba, bai sake shirya harin ba. Ya zaunar da mai kallo ne kusa da Yana Galang, ɗaya daga cikin iyayen, a gida da gona, tana wanke kayan 'yarta tana ninkewa tana jiran ranar da za ta dawo. A watan Satumban 2019 fim ɗin ya ci lambar labari mafi kyau a sashen VR na bikin fina-finai na Venice a Italiya. A ganina abin da ya sa ya yi tasiri shi ne ya fahimci ƙarfin wannan fasaha ba a tashin hankali yake ba, a zama yake. A labaran talabijin uwa tana magana daƙiƙa 20 a yanke. A nan kuwa kana zaune da ita, ka waiga ka ga ɗakin, ka juyo ka tarar tana nan.

Akwai kuma amfanin da ba a cika faɗa ba. A ƙarshen 2021 gwamnatin Borno ta rufe sansanin Bakassi. Wanda yake son ya tsaya a tsakiyar sansanin ya duba kowane ɓangare yadda yake a lokacin da yake cike da mutane, yanzu sai dai ta irin wannan fim.

Sai dai a yi hattara da zuzutawa. A 2015 Chris Milk da Gabo Arora sun yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya fim mai suna Clouds Over Sidra, a kan wata yarinya 'yar Siriya mai shekara 12 a sansanin Za'atari na ƙasar Jodan, aka nuna wa manyan masu kuɗi da masu mulki a taron Davos. Daga nan aka yi ta yayata cewa an samu injin dasa tausayi a zuciya. Ni dai ina da ja. Wanda ya sa tabarau na minti 8 a ɗaki mai sanyi, cikinsa a ƙoshe, ya ga sansani, amma bai kwana da yunwa ba, kuma ya san da ya cire tabaran shi ke nan. Haɗarin shi ne ya tashi yana jin ya san wahalar. An ga ƙarshen wannan tunani a watan Oktoban 2017, lokacin da Mark Zuckerberg na Facebook ya fito a siffar ɗan zanen katun yana zagaya hotunan ambaliyar Puerto Rico bayan guguwar Maria, yana yaba fasahar. Mutane suka yi masa ca, sai da ya ba da haƙuri.

Ga kuma haƙƙin wanda aka ɗauka. Kyamarar da ba ta da baya ba ta san kawaici ba. Ka nemi izinin maigida ka kafa ta a tsakar gida, ta ɗauke shi, ta ɗauki matar da ke wanke-wanke a bayanka, da maƙwabciyar da ta shigo ba mayafi, da yaron da ke wanka a gefe. Kuma duk wanda ya sa tabarau a wata ƙasa yana da damar ya juya ya ƙura musu ido iya son ransa. Izinin mutum ɗaya bai wadatar ba. A gaya wa kowa cewa wannan abu yana gani ta ko'ina, in da hali ma a sa musu tabarau su ga yadda abin yake kafin su ce sun yarda.

(Gajeren kiɗa)

An gama fim. Wa zai kalla? A nan ne gizo ke saƙar. Mu mun saba da kallo a taro, tun zamanin majigi da ake kafawa a ƙofar fada har zuwa gidajen kallo na yau, inda allo ɗaya ke ɗaukar mutum ɗari, a yi dariya tare a yi tsaki tare. Tabarau kuwa kai ɗaya yake ɗauka. Mu yi lissafi: kana da tabarau 10, fim ɗinka minti 11 ne, ka ƙara minti 4 na ɗaurawa da gogewa da bayani. A awa guda mutum 40 ke nan, in ba wanda batirinsa ya mutu. Kowane tabarau yana son caji, yana son a goge shi tsakanin mutum da mutum saboda zufa da ciwon ido, yana kuma son mai tsaro a kusa, domin wanda ido ya rufe zai iya miƙewa ya yi karo da bango. Kujera mai juyawa ta fi benci. Ƙananan yara kuwa, kamfanonin da ke ƙera tabaran da kansu sun sa iyakar shekaru.

Manyan bukukuwa ma da wannan matsala suke fama. Venice ta buɗe gasar VR a 2017, ta ware mata wani ɗan tsibiri mai suna Lazzaretto Vecchio, wanda a da can asibitin killace masu annoba ne, kuma sai ka yi rajistar lokaci kafin ka samu kallo. A shekarar ce darakta ɗan Meziko, Alejandro Iñárritu, ya nuna Carne y Arena a bikin fina-finai na Cannes, labarin masu tsallaka hamada zuwa Amurka. Mutum ɗaya ake shigarwa a lokaci guda, ya cire takalmi, ya taka yashi na gaske da ƙafarsa, na kimanin minti 6 da rabi. Aikin ya samu lambar Oscar ta musamman. Amma ku auna yawan waɗanda za su iya ganinsa da yawan masu kallon fim ɗin silima ko da mara kasuwa ne.

Shi ya sa zumuɗin farko ya lafa. An rufe Oculus Story Studio a 2017, ƙasa da shekara guda bayan Emmy ɗinsu. Google ya daina tabaransa na Daydream a 2019, Samsung ma ya bar nasa na Gear VR. Abin bai mutu ba, tunda a 2024 Cannes ta buɗe tata gasar, Apple kuma ya fito da tabaransa na Vision Pro. Sai dai a lokacin farashinsa dala 3,499 ne, Quest 3S na kamfanin Meta kuwa ya fito a kan dala 299. Ku juya ko da ƙaramin zuwa naira ko sefa, za ku ga dalilin da ya sa har yanzu mazaunin wannan fim shi ne bukukuwa, gidajen tarihi, jami'o'i da ƙungiyoyin agaji.

Ga matashin da ke sauraro yana jin abin ya shiga ransa, ba sai ka mallaki tabarau za ka fara ba. Bidiyon kewaye yana buɗewa a YouTube, mutum ya riƙa juya wayarsa ko ya ja hoton da yatsa. Bai kai na tabarau ba, amma ya isa koyo. Ka dai sani hoton yana cin wuri: faɗin 4K ɗigo 3,840 ne, an shimfiɗa su a kewaye gaba ɗaya, mai kallo kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake gani a lokaci guda, don haka abin da ya fito tar a talabijin a nan dishi-dishi zai yi. Ɗauki da mafi girman ƙarfin kyamararka, ka tanadi wurin ajiya da kwamfuta mai ƙwari. Wajen zaɓen labari kuma ka tambayi kanka: wurin nan, in mutum ya waiga, akwai abin gani? Hira da mutum ɗaya a jikin bango ba ta buƙatar kyamarar kewaye, ta yau da kullum ta fi ta. Amma marinar Ƙofar Mata a Kano da masu rini a kowane gefe, ko tsakiyar kasuwar raƙuma a Agadas, ko filin hawan sallah lokacin da dawaki suka taso, waɗannan wurare ne da mai kallo zai gaji da juyi bai gama gani ba. Fara da minti 3, kyamara a kafe, fitowa uku ko huɗu. Ka sa wa mutum biyar su kalla, kai kuma kada ka kalli fim ɗin, ka kalli inda kawunansu ke juyawa. In sun juya inda ba ka nufa ba, koma ka gyara sautin.

A nan za mu dakata, lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)